Kafin Ka Cire Kemistiri Ranar Litinin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga yayan su Rabi,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauke ka Sakkwato lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa. Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. Gaisuwa ta ƙare a nan, don ba da farin ciki na zauna rubutun nan ba.

A aljihun sabuwar taguwar da na ɗinka maka za ka tsinci takardar. Kwana uku da zuwanka daga birni muna gida ɗaya, amma ka san ni da kai, daga ina kwana sai sannu da aiki. Yau Asabar na ture ɗinkin mutane gefe, na ɗora takarda a kan keken ɗinki ina rubutu. Duk wanda ya leƙo neman kayansa sai ya ga fuskata ya koma.

Jiya da hantsi Goggonka Hajo ta same ni a shago. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Mamman, kana nan kana taka keke, wanga yaro naka ya hwasa likitan. Ya ce ran Litinin in za shi cika fom, cire kemistiri za shi yi, shi ɗauki kowane irin karatu, in dai babu ita ciki."

Na ce, "Yaya, mi yas same shi?"

Ta ce, "Ya ce akwai wani sashe da ba a taɓa karanta musu ba makaranta. Sati ukku shina zaune can baya ga aji, in malami yac ce an gane, shi ɗaga kai tare da mutane. Shi koma gida shi yi ta haddar tsohhin tambayoyi har kai shi yi mai ciwo. Da kuka yag gaya min, Mamman."

Ta ce sunan sashen oganik. Sai da ta maimaita sau uku kafin na riƙe.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu a ɓace yake. Ba rashin sanin ne ya ƙona min rai ba, wa aka haifa da sani? Ɗaga kan ne. Sati uku! An kai ka birni wajen masu koyar da shirin jarrabawar shiga jami'a don ka tambayi abin da ba ka sani ba, ka je ka samu benci na ƙarshe kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wa kake ruɗi? Malamin ya ci tasa jarrabawar tun tuni. Yaran birnin da kake jin kunyarsu, ko sunan garinku ba su sani ba, kuma ranar jarrabawa kowa da kwamfutarsa, ba mai waiwayen wani. Yanzu saura sati tara, ka zubar da uku a ƙasa, kana shirin zubar da burin shekara bakwai a bayansu don kada a ji ka ce "ban sani ba". Tir da wannan shawara.

Amma kafin ka ce tsohon nan ya cika faɗa, tsaya ka ji inda ka gado ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai mu namu gudun ba abin alfahari ba ne.

Ina da shekara goma sha biyar mahaifina ya ɗauko ni daga Dandin Mahe ya damƙa ni hannun Malam Bawa tela a Shagari. Ka san shi, tsohon nan da muke kai wa gaisuwar Salla, wanda idonsa ya tafi yanzu. A gidansa na ci, a zaurensa na kwana shekara shida, shi ya ba ni keken da na fara da shi. A shekarata ta biyu ya nuna min yadda ake yanke wuyan babbar riga. Ya nuna sau ɗaya, da sauri, hannunsa ya rufe rabin abin. Ya ce na gane? Akwai manyan almajiran ɗinki biyu a wurin suna kallona, sai na ce na gane. Washegari ya tafi jana'iza, ya bar min shaddar wani mai unguwa. Na sa almakashi da bismilla, na yanke wuyan da mutum biyu za su shiga tare.

Da ya dawo ya ɗaga rigar, ya leƙo ni ta cikin ramin. Ya ce, "Mi kac ce min jiya?"

Na ce, "Na ce na gane."

Ya ce, "To mi kag gane?"

Ya ɗauko sandar awo ya zuba min uku masu kyau. Ya ce, "Ba don shadda nika bugun ka ba, don na gane nika bugun ka. Ban sani ba ba ta taɓa ɓata yadi ba."

Ni dai shadda na ɓata, an sayo wata. Kai kuwa aikin da kake nema, cikin mutum ake buɗewa. Likitan da ya saba ɗaga kai alhali bai gane ba, wata rana a kan ɗan wani zai gwada, kuma ba kasuwar da ake sayo madadinsa. In ba za ka iya buɗe baki a aji ba, to gara ka cire kemistirin, ka cire likitan, ka huta, mutane su huta. In kuwa za ka iya, ranar farko da ka koma ka tashi daga bencin baya ka zauna inda allin malami zai faɗo maka a ƙafa. Ka ɗaga hannu ka ce, "Malam, makarantarmu ba a yi oganik ba ko shafi ɗaya, daga ina zan fara?" Wasu za su yi dariya, su yi. Wallahi a ajin nan akwai irinka da yawa da suke jiran wani ya fara, tunda ba makarantarku ce kaɗai ta ƙauye ba.

Yanzu ga wadda ta fi ci min rai, wadda ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarka ba.

Kana tsammanin ƙaddara ce ta hana a koya muku sashen nan. Ba ƙaddara ba ce, da hannuna a ciki. Malamin kemistirin da aka turo makarantarku kana aji huɗu, Malam Sanusi, ɗan Malam Bawa ne na cikinsa. A kafaɗata ya girma. Ka fi ni sanin zuwansa: ya leƙo farkon zango ya cika allo da rubutu, ya koma birni wajen harkokinsa, sai kuma ƙarshen zango. Ni ne shugaban ƙungiyar iyayen yara a lokacin, har yau ma ni ne. Kana aji biyar masu duba makarantu suka zo ba sanarwa. Aka aiko aka kira ni daga shago. Babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya ce, "Shugaba, yara sun ce malamin kemistiri ba ya zuwa. Kai uba ne, maganarka za mu rubuta."

Na dubi alƙalaminsa, sai na ga tuwon gidan Malam Bawa. Na ce, "Ranka shi daɗe, shina zuwa. Yau dai lalura ta riƙe shi."

Ya rubuta, na sa hannu. Na fito ina jin kaina mutumin kirki mai kara, wanda bai tona asirin ɗan maigidansa ba. Kai kana cikin yaran da suka faɗi gaskiya ranar, ni na mai da ku maƙaryata. Na hango ka ta taga, na kau da kai.

Ba a nan ta tsaya ba. Da jarrabawar gama sakandare ta zo, ka san yadda aka yi da takardar kemistiri, ni ma na sani. An rubuta muku amsa a allo kun kwafe. Sakamako ya fito da kyau, mahaifiyarka ta yi waina ta raba wa maƙwabta, ni ma na karɓi barka har da gyaran hula. Duk garin mun san abin da ke ƙarƙashin takardar nan, muka haɗa baki muka kira shi taimako. To ga taimakon nan ya biyo ka har Sakkwato ya zaunar da kai a bencin baya. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, mun sha faɗa a bakin kasuwa, ashe ba mu yarda da ita ba.

Ina jin haushin Sanusi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya karɓi amanar 'ya'yan talakawa ya tafi yawonsa, in ya gan ni a biki har ya rusuna ya ce min Yaya. Kunyar mara kunya asara ce, na yi asarar. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ya ƙi zuwa, ni na rufa masa. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, duk karar da za ka yi wa mutum, ka duba tukuna wa zai biya ta. In wani ne zai biya, ba kara ba ce, zalunci ne da fara'a. Kuma na ji an ce a birni akwai masu cewa za su samo wa yara amsa kafin ranar jarrabawa. In ɗayansu ya matso ka, ka tuna wainar nan, ka ce masa an taɓa taimakonka sau ɗaya, har yau ba ka warke ba.

Jiya bayan an sauko daga Juma'a ban koma shago ba. Na ɗauki littafin kemistirin da ka bari a kan tabarma, na hau babur na nufi Shagari wajen Malam Lawali, wanda nake ɗinka wa kaya, shi ma kemistiri yake koyarwa a makarantar 'yan mata. Na buɗe wajen da ganyen littafin ke manne da juna tun daga kanti, na ce, "Malam, ban sani ba, koya min." Ka ga bakina bai tsage ba. Shekarata hamsin da biyu, aji uku na sakandare na tsaya, amma na zauna a tabarmarsa har La'asar yana zana min da alli a bayan faranti.

Ga abin da na kwaso, in na karkace ka gyara. Ya ce duk sashen nan labarin abu ɗaya ne, kabon, mai hannu huɗu, kowane hannu sai ya kama wani abu. Kabon ya kama ɗan'uwansa su yi jeri, a cike sauran hannuwan da haidirojin. Ya ce sunayen nan masu tsawo da suka tsorata ka ba don mugunta aka yi su ba: farkon suna yana gaya maka kabon nawa ne a jerin, ƙarshensa yana gaya maka gidan da abin ya fito. Gidajen kuma ba su da yawa, kuma 'yan gida ɗaya halinsu ɗaya. Ya ce iskar gas ta girki tana ciki, zaren roba da nake ɗinki da shi yana ciki, har sabulun da kakarka take dafawa da ruwan toka da mai yana cikin littafin da babinsa. Na ce ashe tsohuwa ta yi oganik ba ta shiga aji ba, jikanta yana gudu.

Na tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, sati tara zai isa? Ya ce, "Baba Mamman, ba ni ce maka shina ci ba, wannan na Allah na. Amma sashe guda na, ba takardar duka ba. In yaro na da kai, kuma ya bar ɓoyo, sati tara lokaci na mai yawa." Ya ce ka fara da suna, kada ka taɓa komai sai ka iya kallon zane ka kira sunansa, ka ji suna ka zana shi. Da hannunka, a takarda, kullum, ba da ido ba. Na gane wannan sarai, don ba wanda ya taɓa koyon yanka da kallo. Daga nan ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai ka gama gida sannan ka nemo tsofaffin tambayoyinsa ka gwada kanka, wadda ka faɗi ka rubuta ta daban ka kai wa malami. Kada kuma ka saki sauran darussan da ka iya don wannan, ka ba shi safiyarka, su ka ba su yamma.

Haddar nan kuwa ka bar ta. Na san inda ka samo ta, kai ne ka yi saukar farko a tsararku, kana ganin duk abin da ya shiga kai ya zauna. Alƙur'ani ake haddacewa, don ba mai canza masa harafi har tashin duniya. Masu jarrabawa kuwa aikinsu ke nan juya tambaya. Su ƙara kabon ɗaya, haddarka ta zube, ka zauna kana kallon kwamfuta tana kallonka. Malam Lawali ya ce duk Asabar ƙofarsa a buɗe take, ka shigo mota ka zo da tambayoyinka. Ni na roƙa, na riga na zubar da girman, kada ka sa in zubar a banza.

Daga gidansa na wuce gidan Malam Bawa. Na fi minti goma a ƙofa ina gyara tsayuwar babur. Na same shi a zaure yana jan carbi. Na gaya masa komai, da na Sanusi da nawa, na ce ranar Litinin zan je ofishin ilimi in warware abin da na sa wa hannu, na zo ne kada ya ji a bakin wani. Na ɗauka zai ce in rufa masa asiri. Ya lalubo gwiwata ya ce, "Mamman, ɗiya nawa ag ga ajin?"

Na ce, "Sun hi arba'in, Malam."

Ya ce, "Kas sai da ɗiya arba'in don tuwon gidana? Ni ɗinki nik koya maka. Da ina da ido da na ɗauko sandar nan. Tahi ka hwaɗi, in sun ce wa yat turo ka, ka ce uban malamin."

Na fito ina share hawaye da hannun riga a tsakiyar Shagari, ban damu da wanda ya gani ba. Shekara biyu ina kare mutumin da bai taɓa neman in kare shi ba. Ƙanwarka Rabi tana aji huɗu a makarantar nan yanzu, allon kemistiri yana nan babu ko ɗigon alli.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsufa. Kai ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi wa Goggonka, haka na tashi na gani, na riƙe abin da kyau har ana yabona. Shekara goma sha tara ina ce maka "kai", ina ce maka "yayan su Rabi". Littafin Rabi ina buɗewa, ina tambayarta abin da aka koya musu. Naka ban taɓa buɗewa ba sai jiya. Da na buɗe shi ko sau ɗaya kana aji biyar, da na ga ganyen nan a manne, wataƙila da hannuna ya yi nauyi ranar sa hannu.

Ko dalilin da ya sa kake son likita ban sani ba sai jiya a bakin Goggonka. Ta ce tun shekarar da allurar keke ta karye a yatsana, hannu ya kumbura har gwiwa, ka raka ni asibiti muka wuni a layi, likita ɗaya mutane sun fi ƙarfinsa. Ta ce ka dawo ka ce mata in ka girma babanka ba zai sake bin layi ba. Kana da shekara goma sha biyu. Ni abin da na tuna na ranar, na ce maka ka daina tsaya min a kai, ka je waje.

Ban ce al'adar iyayenmu banza ce ba, kunya ado ce. Amma kunyar da ta sa ɗa ya kai kukansa ɗakin goggo, uban yana taka keke bai sani ba, ta wuce ado. Na koya maka rufe baki da kaina, yau kuma ina fushi don ka rufe. Ina sane da wannan, kuma duk da haka ina fushin, don ba mu da lokacin lallashi.

Ka ji ni da kyau. In ka zauna jarrabawar nan da kemistirinka ka faɗi, ba ka ba ni kunya ba, baɗi ma shekara ce, kuma za ka shige ta da sani. In kuma zuciyarka ce ta bar likita don ta ga wani abin da ta fi so, ka zo shago ka zauna a bencin masu jiran ɗinki ka gaya min ido da ido, zan sa maka albarka. Abin da ban yarda da shi ba, ban kuma yafe ba, shi ne ka shiga wajen cike fom ka goge burinka a ɓoye saboda babi shida da ni na hana a koya maka.

Ranar Litinin kowa da layinsa. Kai kana layin fom a Sakkwato, ni ina bencin ofishin ilimi a Bodinga, zan ce musu ni ne shugaban iyayen da ya yi ƙarya, a turo wa su Rabi malami. Za a yi da ni a gari, wasu za su ce na ci amanar gidan da ya rene ni. Na ɗauka. In tsoho mai furfura zai iya cewa "na yi ƙarya", yaro zai iya cewa "ban sani ba". Taka ta fi sauƙi.

In ka gama cikewa ka kira wayata. Tawa, ba ta Goggonka ba. Ka karanta min darussan da ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ina so in ji kemistirin da kunnena.

Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya raba ka da mugun aboki da gajeriyar hanya, ya buɗe maka kai, ya buɗe maka baki. Allah ya yafe min abin da na yi maka, kai ma in ka samu wuri a zuciyarka ka yafe.

Na daɗe riƙe da alƙalami a nan, don hannuna bai saba ba. Ranar suna ni na raɗa wa liman sunanka a kunne, tun daga ranar ban sake furta shi ba.

Haruna. Haruna, ɗana, kada ka cire ta.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Mamman tela, Bodinga.